Ko Duka Sun Faɗi, Sai An Ba Da Maki



Ranar Asabar, 25 ga Fabrairu 2023, za a fitar da bencina daga azuzuwanmu a jera a inuwa, a ɗora akwatin zaɓe a kan teburin da muke kiran rajista. Washegari kuma, 26 ga wata, za a cika shekara biyu cif da daren da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, a nan ƙaramar hukumarmu ta Talata Mafara, suka kora yara 279 cikin daji. Duk wanda zai yi maganar wannan zaɓe a Garbadu, ko a Bakura, ko a Maradun, bai kuma haɗa waɗannan ranaku biyu a zuciyarsa ba, to hira kawai yake yi.

Makonni ke nan muna jin magana guda tana yawo a ɗakunan malamai. Da zarar an taɓo zaɓen shugaban ƙasa sai wani ya kaɗa hannu ya ce duk kanwar ja ce, shi kam ranar gona zai tafi, ko ya yi kwanciyarsa a gida. Masu faɗar haka ba jahilai ba ne. Cikinsu akwai waɗanda suka shekara ashirin da alli a hannu, akwai waɗanda suke koyar da darasin zama ɗan ƙasa nagari. Da su muke a wannan rubutu, kuma muna cewa sun yi kuskure, kuskuren da 'ya'yan mutane za su biya kuɗinsa.

Bari mu fara ba su gaskiyarsu, domin suna da ita. Sunaye 18 ne a takardar ƙuri'a, amma a wannan yanki kowa ya san kokawar tsakanin mutum biyu take, wato Bola Ahmed Tinubu na APC da Atiku Abubakar na PDP. A Fabrairu 2023 ɗaya yana da shekara 70, ɗayan 76. Na farko yana ɗauke da tutar jam'iyyar da a 2023 ta shekara takwas tana mulki, kuma a cikin waɗannan shekaru ne aka yi mana Jangebe. A cikinsu ne, a watan Agusta 2021, aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A cikinsu ne, ranar 1 ga Satumba 2021, aka kwashe ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, har ta kai an rufe makarantu, an hana cin kasuwannin mako, an katse layukan waya a faɗin jihar. A cikinsu ne jami'o'i suka yi wata takwas a rufe a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A farkon 2023 kuma mun riƙa kwana a layin banki muna neman kuɗinmu na halak saboda canjin naira.

Na biyun kuwa ba baƙo ba ne a gidan mulki. Ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1999 zuwa 2007, shi ne kuma ya shugabanci majalisar da ta riƙa sayar da kamfanonin gwamnati, cinikin da har yau talaka yake tambayar ina ribarsa ta shiga. Tun 1993 yake neman wannan kujera, ya shiga wannan jam'iyya ya fita, ya koma waccan ya dawo. Jam'iyyar da ya tsaya wa takara a 2023 ita ce ta shekara 16 tana mulki har mutane suka gaji suka kore ta a 2015. Hasali ma su biyun sun daɗe suna cin tuwo a akushi ɗaya: a 2007 Atiku ya yi takara a jam'iyyar AC, wadda Tinubu yake cikin manyan iyayenta, a 2014 kuma dukansu suna cikin APC. Kazalika dukansu sun faɗa da bakinsu cewa za su cire tallafin man fetur, kuma mun san abin da hakan zai yi wa malamin da yake hawa babur zuwa makarantar ƙauye. Saboda haka wanda ya ce babu ɗaya daga cikinsu da ya kwanta masa a rai, bai yi ƙarya ba. Mu ma haka muke.

Inda muka rabu shi ne abin da za a yi da wannan rashin so. Su suna ganin dalili ne na zama a gida. Mu kuwa muna ganin wannan ne karo na farko cikin shekaru masu yawa da mutanen wannan yanki za su je rumfar zaɓe idonsu a buɗe.

Mu tuna yadda muka yi zaɓe lokacin da muke da wanda muke so. A 2015 mun fita da ƙauna irin wadda ba a taɓa gani ba. Mutane sun sayi katin waya sun tura gudummawa daga ɗan abin da suke da shi. An ce a yi sak, muka yi sak, tun daga sama har ƙasa, ba mu tsaya duba sunan wanda muke dangwala wa ba. A watan Yuli 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo dajin Dansadau cikin kakin soja ya ƙaddamar da yaƙi da ɓarayin shanu, muka yi ta murna. Kisa bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi. Duk da haka, a 2019, Zamfara ta sake ba shi ƙuri'a fiye da 400,000. A tsakanin nan, duk malamin da ya buɗe baki a majalisa ya ce abubuwa ba sa tafiya daidai, sai a yi masa caa, a ce ɗan adawa ne, ko an saye shi. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Ya hana mu gani, ya kuma hana mu magana a lokacin da magana za ta yi amfani. Shugaban da ya tabbata ƙuri'ar mutane tana aljihunsa ko ya yi ko bai yi ba, ba shi da dalilin hana idonsa barci saboda su.

Haka abin yake a gida. Waɗannan ƙananan hukumomi namu uku kowace ta haifi gwamna. Bakura ta ba da Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Cikin shekara 24 na mulkin farar hula, daga 1999 zuwa 2023, kusan 20 ɗanmu ne a gidan gwamnati a Gusau. Ba mu kawo wannan don cin mutuncin kowa ba, kowannensu yana da masoya a cikinmu, kuma kowannensu zai iya nuna abin da ya gina. Abin da muke roƙo shi ne kowane malami ya ɗaga kai ya dubi rufin ajinsa, ya ƙirga yaran da suke zaune a ƙasa, sannan ya dubi takardar albashinsa, ya tambayi kansa ko "namu ne" ta taɓa isa ta zama ma'auni. Mun gwada zaɓen ƙauna, mun gwada zaɓen 'yan'uwantaka. Abin da ba mu taɓa gwadawa ba shi ne zaɓen mai ɗaukar ɗan ƙwadago, wanda yake yin jinga da mutumin da ba ɗan'uwansa ba, ya nuna masa iyakar gona, ya kuma tsaya a kansa har ya ga aiki.

Wannan aiki ba baƙonmu ba ne. Sau nawa aka miƙo mana takardun jarrabawa biyu, duka babu wadda ta kai rabin maki? Ba mu taɓa yayyaga su mu ce duk ɗaya ne ba. Zama muke yi da jan biro mu bi amsa bayan amsa, wannan ya tashi da 38, wancan da 31, kuma mun san wannan tazara ta bakwai tana iya raba wanda za a ɗan tallafa ya wuce da wanda zai maimaita aji. Malamin da ya ƙi duba takarda don ɗaliban ba su burge shi ba, ya gudu daga aikinsa ne, ko da ya kira gudun da sunan tsare mutunci. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar cewa idan cuta biyu suka haɗu, babu kuma hanyar kauce musu duka, sai a ɗauki mafi sauƙi. Ƙa'idar ba ta ce mafi sauƙin ya zama alheri ba. Cewa ta yi a auna.

Sai mu zo ga lissafi, tunda cikinmu akwai masu koyar da shi. A 2019 mutum sama da miliyan 82 ne suke da rajista, amma waɗanda suka fita ba su kai miliyan 29 ba, wato kusan 35 cikin 100. Buhari ya ci da ƙuri'a miliyan 15.1, Atiku ya sami miliyan 11.2. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka ƙuri'un wanda ya ci sau uku da ɗoriya. Fushinsu bai hana a rantsar da kowa ba. Tsarin mulki, a sashe na 134, abin da yake nema ga mai nasara shi ne ya fi kowa yawan ƙuri'u, ya kuma sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Babu inda ya ce sai mutum kaza sun fito kafin zaɓe ya inganta. Da mutum ɗari ne kawai za su fito a duk Talata Mafara, su ɗarin nan ne za a ƙirga a ce Talata Mafara ta yi magana. A 2023 masu rajista sun haura miliyan 93. Duk mai hankalin da ya janye, ya rage wa mai sayen ƙuri'a kuɗin da zai kashe ne, domin ƙuri'ar da aka saya da taliya da sabulu tana ƙara nauyi gwargwadon yawan waɗanda suka ƙi fitowa. Ɗan siyasa ba ya tsoron wanda ya yi fushi ya kwanta a ɗaki. Ya ma fi son sa a can.

Wani zai ce, to ai ƙuri'a ba ta da amfani a Zamfara, ga abin da ya faru a 2019. Madalla da wannan misali, domin namu ne. A zaɓen gwamna na waccan shekara ɗan takarar APC, Mukhtar Shehu Idris, ya sami ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP ya sami 189,452. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi zaɓen fid da gwani ingantacce ba, saboda haka ba ta da 'yan takara, ta ba da kujerun ga waɗanda suka zo na biyu. Waɗanda aka yi wa dariya ranar zaɓe, aka ce sun zubar da ƙuri'arsu ga wanda ba zai ci ba, ƙuri'unsu ne suka naɗa gwamna. Abin da gwamnan ya yi da ita daga baya, har da komawarsa APC a 2021, magana ce ta daban, kuma ranar zaɓen gwamna tana nan tafe don kowa ya faɗi ra'ayinsa a kai. Abin da ya tabbata shi ne babu wanda ya san inda ƙuri'a za ta kai idan an jefa ta. Wadda aka bari a aljihu kuwa an san inda za ta tsaya.

Akwai kuma 'yan'uwa da suka ce su Rabi'u Musa Kwankwaso za su zaɓa saboda abin da ya yi wa ilimi a Kano, ko Peter Obi, ko wani cikin sauran. Ba da su muke faɗa ba. Wanda ya auna ya ga nan ne maki ya fi yawa, ya fita ya dangwala, ya sauke nauyinsa. Abin da kawai za mu ce masa shi ne ya yi hakan yana sane da lissafin yankinsa, ya kuma yarda cewa idan tazara ta yi kaɗan tsakanin manyan biyun, yana da hannu a sakamakon.

Ba mu kaɗai aka taɓa sakawa a wannan tsaka mai wuya ba. A Faransa, a 2002, zagaye na biyu ya rage tsakanin Jacques Chirac, wanda ma'aikata da 'yan ƙwadago da yawa ba sa ƙauna, da Jean-Marie Le Pen, mai ƙyamar baƙi. Miliyoyin da suka shekara suna adawa da Chirac suka fita suka zaɓe shi, ya tashi da kashi 82 cikin 100. Shekara ɗaya bayan haka, a 2003, malaman makaranta da sauran ma'aikata suka cika tituna suna yajin aiki a kan dokar fansho ta gwamnatinsa. Ba su ga wani saɓani tsakanin abubuwan biyu ba, domin tun farko ba mubaya'a suka yi masa ba. Sun ɗauke shi aiki ne, suka kuma ci gaba da tsayawa a kansa.

To da me za mu auna? Kowane malami ya zana tsarin ba da makinsa, amma muna ba da shawarar kada ya rasa tambayoyi huɗu.

Ta farko, tsaro. Soja da 'yan sanda a hannun shugaban ƙasa suke, kuma sashe na 14 na tsarin mulki ya sanya tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Tinubu yana maganar ƙara yawan jami'an tsaro. Atiku yana maganar sakar wa jihohi ƙarin iko, har da na tsaro. Mu da muka ga abin da ya biyo bayan 'yan sa-kai, muka kuma ga sulhu da ɓarayi ya ƙullu ya warware, mun fi mutanen Abuja sanin tambayar da ta dace da kowace hanya: sabbin jami'an a ina za a ajiye su, bindigar jiha kuma wa zai riƙe linzaminta?

Ta biyu, abin da kowannensu ya yi lokacin da yake da iko, ɗaya a Legas daga 1999 zuwa 2007, ɗayan a fadar shugaban ƙasa a shekarun nan dai. A nemi labarin daga wanda ba a biya shi ya faɗa ba.

Ta uku, su wa suke kewaye da shi, musamman a nan jihar, domin ba shugaban ne zai zo Garbadu ba, mutanensa ne za su zo.

Ta huɗu, wanne ne a cikinsu zai fi jin tsoron rasa ƙuri'armu bayan shekara huɗu. A 2015 'yan Nijeriya sun kayar da shugaba mai ci a karon farko, Goodluck Jonathan ya kira abokin takararsa ya amince da kaye. Wannan makami yana nan a hannunmu, amma tsatsa yake yi idan ba a fita da shi.

Wannan reshe ba zai ɗaga hannun kowa ba, kuma muna gargaɗin duk wanda zai je wani gida da sunan malamai ya karɓo buhun shinkafa ko atamfa ya ce ya kawo ƙuri'unmu. Ba tsoro ne ya hana mu kama suna ba. Cikin 'yan ƙungiya akwai masu ra'ayin kowane ɓangare, kuma duk wanda ya ci, shi ne za mu zauna da gwamnatinsa a teburin ciniki. Ƙungiyar da ta ɗaga hannun mutum yau ba za ta iya nuna masa yatsa gobe ba. Bakin da ya ci kuwa, an san shi da jin kunya.

Muna da bashi a rubuce da za mu bi wanda ya hau, ko wane ne shi. Ranar 5 ga Oktoba 2020, Ranar Malamai ta Duniya, Gwamnatin Tarayya ta yi shelar tsarin albashi na musamman ga malamai, har yau muna jiran ganinsa. A 2022 an sa hannu a dokar da ta kai ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, saura a tabbatar ta yi aiki a kowace jiha. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 ya zama doka a Afrilu 2019, amma da yawa cikinmu ba su taɓa ganin sa a takardar albashinsu ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga ilimin farko, kuɗin da jiha ba ta samu sai ta ajiye nata kason, don haka muna son a riƙa bayyana abin da ya shigo da inda ya tafi. Sama da duka, muna son katanga da masu gadi a makarantun kwana, da hanyar da malami zai bi zuwa aiki ya dawo gida lafiya. Mun san wasu cikin waɗannan a hannun gwamna da 'yan majalisa suke, shi ya sa fitar ranar 25 ga Fabrairu ba ta ɗauke mana ta ranar zaɓen gwamna ba. Amma wanda bai je rumfa ba, da wane ido zai je bin wannan bashi?

A ƙarshe, mu tuna da waɗanda ba su da zaɓin da muke wasa da shi. Akwai malamai 'yan'uwanmu da ƙauyukan da suke koyarwa suka watse, akwai iyayen yara da suke gudun hijira a gidajen dangi, katin zaɓensu ya ƙone tare da rumbunansu. Su da za su sami hali da sun fita. Mu da Allah ya bar mu a garuruwanmu, katinmu yana hannu, rumfar kuma tana cikin harabar makarantar da muke zuwa kullum, ba mu da uzuri. Mu fita da wuri. Mu taimaki tsofaffi da mata su gane layinsu, ba tare da mun gaya musu wanda za su zaɓa ba. Mu tsaya har a ƙirga ƙuri'u a gabanmu, a rubuta sakamako, mu ma mu rubuta shi a littafinmu. Ranar Litinin, idan yaro ya ɗaga hannu a aji ya ce, "Malam, kai wa ka zaɓa?" ba dole ne mu faɗa masa suna ba. Ya isa mu nuna masa tawadar da take yatsanmu, mu ce masa mun duba takardun, mun ba da maki, kuma za mu ci gaba da bibiyar wanda ya wuce.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya tsare mana ɗalibanmu a makaranta da kan hanya. Amin.